Ranar da Muka Cire wa Rumbun Kumandan Hula

Sai da na aurar da 'yata ta fari kafin in san baƙi da wasali. A Dungas na koya, ƙarƙashin wata rumfar zana a bayan gidan 'yan mishan, shekaru kaɗan kafin Nasara su naɗe kayansu su tafi. Kada wani ya tambaye ni abin da Musulma ta je yi a can. An tambaye ni tun a lokacin, na ce karatu na je ɗauka, sallata kuma tana nan inda na bar ta. Lakwal, makarantar gwamnati, ba ta karɓar mace mai furfura, su kuwa sun karɓe ni.

Mai koya mana wata Baturiya ce doguwa da ta manyanta, Hausarta irin ta Kano. In mun gama haɗa baƙaƙe takan karanta mana wani abu daga littafinsu mai tsarki. Kuɗin makarantar ke nan, mu zauna mu ji. Ni dai ɗinkin faifaina nake yi, kunne ɗaya na ba ta.

Wata rana ta karanta inda aka ce taro mai yawa ya taso, sai ta tsaya ta yamutsa fuska, ta ce Hausar nan ta yi sanyi. Wai a Ibrananci, harshen Bani Isra'ila na dā wanda aka fara rubuta littafin da shi, kalmar ta fi haka zafi.

Na ce, "Malama, to faɗe ta mu ji zafin."

Ta ce, "Hamon."

"Me ke nan?"

Sai ta rufe baki ta yi wani ƙugi a maƙogwaro, har matan suka fashe da dariya. Ta ce daga irin wannan ƙugin kalmar ta fito. Taro ne, amma taron da kunne ke riga ido sani, wanda ba ka iya ware muryar mutum ɗaya a cikinsa. Da ita suke kiran rundunar yaƙi in ta doso gari, da hargowar birni in ya cika, har da rugugin ruwan sama tun yana nesa bai sauka ba.

Na ce, "Zagi ne ko yabo?"

Ta ce, "Yaya, wani wurin abin tsoro ne. Wani wurin kuma albarka ce, kamar a yi wa mutum alkawari zuriyarsa za ta yi yawa har a riƙa jin ƙuginta."

Na ajiye faifan. Shekara da shekaru ana ce mini uwar hayaniya daga ƙauyenmu har kasuwar Guci, ban taɓa jin an kira abin da muka yi da sunan da ya yi daidai da shi ba sai a bakin wannan baƙuwa, ita da ba ta ma san labarin ba.

Ga labarin.

Lokacin babban yaƙin Nasara ne, shekarar da Faransa da Ingila suka ɓata aka rufe iyaka. Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Guci, a ɓangaren da Faransa ke mulki. Dā in abu ya ƙure, mutum ya ɗora wa jaki mangala ya tsallaka wajen dangi a ƙasar Ingilishi ya samo hatsi. A wannan shekara mai tsallakawa kaso, wato kurkuku, ne makomarsa. Mijina an kwashe shi aikin dole, gyaran hanyar mota, tun bazara ba ta ƙare ba. Gida ya rage daga ni sai uwar mijina, wadda nake kira Inna, da yara biyu, na uku yana goye.

Ruwan farko ya zo da wuri ya yaudare mu. Muka zuba irin da muke da shi kaf. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Ina zuwa gona kullum ina kallonsa yana nannaɗewa, har ya zama abin da za ka murza a hannu ya koma gari. Damina ba ta wuce ba, in an sami ruwa ana iya sake shuka. Amma da me? Rumbuna babu ko abin da kaza za ta tona. In ruwa ya dawo ya tarar ba ni da iri, to na san yaran nan uku ba duka za su ga kaka ba. Ba ni kaɗai ba ce, kusan kowane gida haka.

Iri kuwa akwai shi a garin, kowa ya san inda yake. Tun bayan wata yunwa da aka yi ina budurwa, Nasara suka kafa doka kowane gida ya zuba hatsi bayan kaka a wani ƙaton rumbun ƙasa, wai tanadin ranar wahala. Mu muka noma, mu muka sussuka, mu muka ɗauka a ka muka zuba. Aka liƙe bakinsa na sama da laka, aka buga hatimi, aka kifa masa jinka, wadda muke ce wa hular rumbu. Ba mai buɗewa sai da izinin kumandan, Baturen mulki da ke Magarya. A gindinsa aka ajiye gardi, ɗan sandan kumandan mai jar hula, da bindigarsa.

Mai gari ya aika Magarya. Aka ce kumandan ya fita rangadi, a jira. Ya sake aikawa, aka ce ba a kai ga yunwa ba tukuna. Maza suka riƙa taruwa a ƙofar masallaci suna magana ƙasa-ƙasa, don duk wanda ya ɗaga murya gobe yana bakin hanya yana fasa dutse. Ban raina su ba, na ga yadda ake dawo da wasu.

Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba haƙori ko ɗaya, ungozoma ce kuma, rabin garin ita ta yanke wa cibiya. Wata safiya tana zaune tana murza gwiwa ta ce, "Ke yarinya, maza sun yi nasu roƙon ruwan, malamai sun yi. Saura namu. Fito da rigar mijinki."

Yaran yanzu ba su san roƙon ruwa na mata ba, bari in faɗa. Mukan sa riguna da wanduna da hulunan maza, mu shafe fuska da toka, mu ɗauki ƙwarya da ludayi da taɓarya mu fita muna kiɗa. Ranar babu kunya, mace na iya yi wa surukinta ba'a a gaban jama'a. Namiji ba ya tare mu, ba ya taɓa mu, in ya hango mu ya kauce. Malamai ba sa so, amma sukan kau da kai. Sai mu bi gari gida-gida, kowane rumbu ya ba da ko tafi ɗaya ne na hatsi, a dafa a gindin tsamiya a raba wa yara sadaka. Rumbun da ya hana, a cire masa hula a ajiye a ƙasa, ya tsaya kai buɗe sama ta gan shi, kuma ba mai mayar masa da ita sai ruwa ya sauka. Haka muka gada. Ban taɓa ganin an cire wa wani ba, don ba a taɓa hanawa ba.

Na sa rigar mijina a kan goyo, na zama kamar mai ƙusumbi. Wandon sai da na naɗe shi sau da yawa a ƙugu. Muka fara mu kaɗan daga unguwarmu. Wani gidan a ba mu tafi ɗaya, wani gidan dusa, wata tsohuwa ta karkaɗe gindin tukunya tana ba mu haƙuri. Duk gidan da muka shiga matansa su biyo mu. Matan Fulani da ke noma a gefen gari suka ji, suka taho da manyan ƙorensu na nono. Kafin rana ta take tsaka ban ƙara jin kiɗan ƙwaryata ba, a ƙirji nake jin na kowa.

Da muka gama gida na ƙarshe ya kamata mu karkata wajen tsamiya. Inna tana gaba, da hular marigayi mijinta da ta rufe mata kunnuwa. Sai ta miƙe hanyar rumbun kumandan. Na tambaye ta daga baya ko tun daga gida ta shirya haka, ta ce in bar ta ta ji da ciwon gwiwarta.

Gardin saurayi ne daga yamma, Hausarsa a karye. Ya miƙe tsaye. Inna ta ɗaga hannu, kiɗa ya lafa.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Mun zo karɓar na rumbu."

Ya ce, "Iya, wannan na kumandan ne."

"A garin nan yake tsaye ko a Faransa?"

"A nan yake."

"To ya ba da nasa. Tafi ɗaya, kamar kowa."

"Iya, ba ni da izini. Akwai hatimi."

Wata daga baya ta ce, "Mai jar hula, ara mana hular mu sa a miya, barkono ya yi tsada!" Wata ta ce, "Kai da ko gemu ba ka tsayar ba, dubi wandona, ya haifi naka!" Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta ruɗa shi. Ya ɗaga bindiga, ya ce mu koma.

Wuri ya yi tsit, har ina jin numfashin ɗana a bayana. Na ga na gefe sun fara ja da baya. Na san in muka juya yanzu, shi ke nan, gero zai ruɓe a ciki mu kuma mu ruɓe a waje. Allah ya ba ni murya, tun ina ƙarama in na kira akuya, har ta garin gaba takan waiwayo. Na taka gaba, na ɗaga kai na rangaɗa guɗa.

Ban gama ba garin ya ɗauka. Ƙore, taɓare a ƙasa, guɗa, kuka, zagi, salati, duk a haɗe. Na ga bakin gardin yana motsi amma shi kansa ba ya jin abin da yake faɗa. Ya dubi fuskokinmu na toka, ya dubi Inna da ta kai masa iya ƙirji. Shi ma wata ce ta haife shi. Ya sauke bindigar ya matsa gefe.

Ba mu da tsani. Aka mirgino turame aka kife, dogayen cikinmu suka hau, muka sa taɓare a ƙarƙashin jinkar muka tura tare. Ta yi nauyi, rina suka fito suka harbi wasu, ni a wuya. Ta karkace, ta zame, muka tare ta muka ajiye a ƙasa a hankali. Ba mu taɓa hatimi ba, ba mu ɗauki ƙwaya ɗaya ba. Muka wuce tsamiya muka dafa abin da muka tara, yara suka ci.

Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Sai ga mai gari a guje, rawani yana warwarewa. Laka ce kawai a bakin rumbun, ruwa ɗaya zai narkar da ita, hatsin ya jiƙe ya ruɓe, shi kuma ya amsa a gaban kumandan. Ya ce maza su mayar da hular. Ba wanda ya motsa, don iyayensu mata da matansu suna tsaye suna kallonsu.

Ya juya wajen Inna. "Iya, don girman Allah ki ce a mayar. Kashe ni za a yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanke maka cibiya, ba zan so a kashe ka ba. Amma uwarka ma da tana raye ba za ta mayar ba sai ruwa ya sauka."

"In ya sauka ai an gama!"

"To kai ne mai gari."

Iska ta taso. Ya tsaya yana duban sama, yana duban rumbu. Daga nan ya tattare riga, ya hau turmi da kansa, aka ɗaga shi, ya fasa lakar da dutse. Ya ce kowane gida ya kwashi abin da ya zuba ya kai ɗaki, ajiya ce, kada a taɓa har kumandan ya zo. Aka kwashe kafin magariba.

Hadarin nan kuwa ya watse. Ko ɗigo bai sauka ba.

Da gari ya waye Inna ta miƙo mini sungumi. Ta ce, "Binne za mu yi." Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. Kasada ce. In yayyafi kaɗan ya sauka, irin ya farka ya tsiro, ƙasa ta bushe, ya mutu, kuma ba wani a baya. Na ce, "Inna, in muka rasa wannan fa?" Ta ce, "In ya kwana a ɗaki, a kanki za ki mayar da shi. Sara." Ina sara, tana jefawa tana rufewa da diddige, ƙura tana shiga mana ido. Yawancin mata haka suka yi. Wasu sun dafa nasu sun ci, ban ga laifinsu ba, na san kukan da ke cikin gidajensu.

Bayan 'yan kwanaki kumandan ya iso a kan doki, da gardawa da tafinta, wani Bahaushe mai farin wando da takalmin Nasara. Aka tara gari a gindin tsamiya. Tafinta ya ce kumandan ya ce wannan tawaye ne, yana son a mayar da hatsi gobe, kuma yana son sanin wa ya jagoranta. Mata suka fara bayani, kowa da bakinta, kumandan ya toshe kunne ya daka tsawa a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya kuwa ba wadda ta san komai. Aka kira gardin. Ya ce duk da toka suke, duk da kayan maza, bai gane fuska ba. Murya ɗaya ce dai in ya ji zai gane.

Inna ta mintsine ni a cinya. Na gane, na yi shiru. Na so in ci gaba da shirun. Amma tafinta ya sake cewa gobe-goben nan hatsi ya koma rumbu, ƙwaya ba ta ɓace ba, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Malam, ka ce masa ya aiko da rariya. Yana gona. Ya je ya tankaɗe rairayi ya kwashi kayansa."

Gardin ya sunkuyar da kai. Kumandan ya gani.

Tafinta ya ce, "Baiwar Allah, haka zan faɗa masa?"

"In ba ka iyawa, matsa in faɗa masa da kaina."

Ya yi dogon Faransanci, yana nuna mu yana kaɗa hannu. Kumandan ya yi tsaki, har ya ɗan yi murmushi. Sai tafinta ya juyo ya ce, "Na gaya masa ba tawaye ba ne, hayaniyar mata ce kawai, ba hankali a ciki. Ke kuma uwar hayaniyar, za ki bi mu Magarya."

Daga nan sunan ya fito. Yau na san mai yiwuwa da wannan maganar ya ceci mazan garin da mai gari daga abin da ya fi haka. Allah ya saka masa. Amma ta fi kaso yi mini ciwo. Mun san abin da muke yi tun daga rigar farko har diddigen ƙarshe, a ce wai ba hankali.

Na bi dawakai a ƙasa da goyona har Magarya. Aka sa ni daka wa fursunoni a farfajiyar kaso. Dakan bai dame ni ba, aikina ne tun ina yarinya. Sama ce ta dame ni. Wata rana aka yi yayyafi, irin mai tayar da ƙamshin ƙasa ya tsaya. Na zauna a gindin turmi na yi kukan haushi, don na san abin da irin wannan ke yi wa binne. Sai da wata mai tallan fura daga wajenmu ta zo bakin ƙofa, na yi mata ihu ta katanga, ta ce can ko ɗigo ba a yi ba, sannan na iya cin abinci.

Ranar da ruwan ya zo, da azahar ne. Muna daka, sai wadda ke kusa da ni ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ji." Ba iska tukuna, ganye bai motsa ba. Wani ƙugi ne daga gabas, daga wajen Dungas, kamar garin mutane ya taso gaba ɗaya. Na san wannan sautin, na taɓa tsayawa a tsakiyarsa da wandon mijina. Tun da daga gabas ya taho, to ya riga ya bi ta kan gonata. Da ya sauka ban shiga rumfa ba. Na tsaya a ciki na rangaɗa guɗa, mai gadi yana ta yi mini alama in rufe baki, ni kuwa ban ji me yake cewa ba.

An sake ni lokacin noman farko. Na shigo gari ta gefen rumbun kumandan, na tarar maza sun mayar masa da hularsa tsaf, tun da ruwa ya sauka. Ba komai a cikinsa. Na wuce gona. Gero ya kai gwiwa, layi-layi, wasu layukan a karkace inda ƙura ta rufe mini ido. Inna tana tsakiya tana tura hauya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta leƙa goyon, ta ce, "Kin rame. Karɓi nan, gwiwata ta gaji."

Kakar ba ta yi yawa ba, kuma sai da aka sa muka sake cika rumbun har da ƙari. Muka cika. Yarana uku duka sun ci sabon gero. Mijina ya dawo ƙashi da fata, ya tarar ana ce masa mijin uwar hayaniya, ya ce ai shi ya daɗe da sani.

Wannan labarin na ba Baturiyar nan a ƙarƙashin rumfa, matan ajin suna ƙara mini abin da na manta, don biyu daga cikinsu sun hau turmi ranar. Da na gama ta ce ba ta tabbata masu littafin sun taɓa tunanin mata da wandunan maza ba.

Na ce, "Malama, ba ruwana da abin da suka yi tunani. Kin ce taro ne da ake ji kafin a gani?"

"Haka ne."

"Kin ce ba a ware muryar mutum ɗaya?"

"Haka ne."

"To tawa an ware, amma sauran daidai ne. Rubuta mini ita a allo da baƙaƙenmu."

Ta rubuta, na kwafa, hannuna yana karkacewa kamar layukan gonar. Har yau in wani ya ce mini uwar hayaniya ina amsawa, da ƙarfi kuma, yadda na bayansa zai ji. Geron nan kuwa ban bar irinsa ya ɓace ba. Kowace kaka nakan zaɓi manyan zangarniya in rataye a ɗaki, ba a rumbun kowa ba. Tuwon da na ci jiya daga zuriyarsa yake.